Kafin ka karɓi aikin hoton biki na farko

Da zarar an kammala girbi, ko watan Sha'aban ya kama, bukukuwan aure sukan yi yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, har a ɗaura aure da dama a masallaci guda bayan sallar Juma'a. A 'yan shekarun nan, sau da yawa ba mai shagon hoto ake kira ba. Ƙanen ango ake miƙa wa aikin, ko abokinsa, ko wani ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da aka ga wayarsa tana fitar da hoto tangaran. A ce masa, "Kai za ka riƙe mana hotuna," ya amsa da murna, alhali bai taɓa yi ba.

Ina goyon bayan waɗannan matasa da zuciya ɗaya. Sana'a ce ta halal, jarinta kaɗan ne, kuma a yankin da rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu, duk hanyar abinci da yaro zai samu a cikin gari abar murna ce. Sai dai ina so su san nauyin da suke ɗauka.

Ɗaurin aure mintuna kaɗan ne. Waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki, a shafa Fatiha, jama'a su watse. Ba wanda zai sake zama don batirinka ya mutu. Ka je da cikakken caji da abin ƙara caji, ka share wayar ta sami fili, ka isa wurin kafin kowa. Ka kuma tuna da rana tsaka ake yi: fararen riguna na shadda su ƙyalle, fuska ta yi duhu a ƙarƙashin hula. Ka ja ango da abokansa zuwa inuwar dogon yaro, ka taɓa fuskar a allon waya kafin ka ɗauka. Tun da wuri ka tambayi iyalin su wa da wa ba a so a rasa, domin kakar da ta sha wahalar hanya daga ƙauye ta fi abokin ango na goma muhimmanci. Idan ka gama, ka ajiye kwafi a wuri biyu, kuma ka tura hotunan a matsayin fayil, saboda WhatsApp yana rage musu kyau.

Wannan duk mai sauƙi ne, ana koyonsa a biki biyu ko uku. Abin da ya fi damuna shi ne inda hotunan suke ƙarewa.

Kamu da sa lalle da yinin biki sha'anin mata ne a cikin gida. Matan aure sukan saki jiki a can, su ajiye mayafi, su yi rawa, don sun san babu baƙon ido. Yaron da aka bari ya shiga da waya saboda ɗan gida ne, washegari ya zuba hotunan a Facebook ko TikTok don ya tallata aikinsa, ya ci amanar gidan. Hoto ɗaya ya isa ya haɗa miji da mata faɗa, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara don toshe hanyar sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu bayani. A irin wannan ƙasa, hoton akwatunan lefe a jere, da gwala-gwalan amarya, da ƙofar gidan, da motar da za ta kai ta, bayani ne tsararre ga mai mugun nufi. Mafi haɗari shi ne a ɗora hoto alhali 'yan kai amarya suna kan hanya tsakanin Maradun da Mafara.

Don haka tun kafin ranar, ka zauna da uban amarya ko wakilinsa a yi magana: nawa za a biya ka, wa za a ɗauka, wa ba za a ɗauka ba, kuma wane hoto aka yarda ka nuna wa duniya. In an ce ko ɗaya, to ko ɗaya.

Ga iyaye kuma, ku bar 'yan mata su koyi wannan sana'a. Cikin gida aikinsu ne, kuma mata za su fi sakewa da su. Ina roƙon Kwalejin Abdu Gusau da ƙungiyoyin matasa na ƙananan hukumomin nan uku su shirya gajeren horo kafin bukukuwan Sha'aban mai zuwa, a ware wa mata nasu aji.