Kuɗin goro ba ya kawo ciniki

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma akwai mutanen da ko sun gani da idonsu, abin da suka ji tun a gida shi ke cikin kansu. Wannan ciwo bai bar Turawa ba, duk da jiragensu da iliminsu.

Ba'amurke mai yawon buɗe ido in zai je Faransa, ana gaya masa cewa mutanen Paris masu girman kai ne, ba su amsa wa wanda bai ji Faransanci ba. Shi kuma Bafaranshe in zai je Amurka, abin da ke ransa shi ne kowa can ƙato ne mai surutu, da bindiga a ƙugu, ba ya sanin sunan wata ƙasa in ba tasa ba. Abin ya kai ga ban dariya a 2003, lokacin da Faransa ta ƙi goyon bayan yaƙin Iraki. A ɗakunan cin abinci na majalisar wakilan Amurka aka soke sunan Faransa daga soyayyen dankali, aka raɗa masa "dankalin ƴanci". Sai a 2006 aka maido da sunan. Alhali ma mutanen Beljiyam na cewa suyar tasu ce tun asali.

To idan waɗannan da ke kai da komo tsakaninsu kullum suna yi wa juna kuɗin goro, ina ga mu? Da yawansu ba su bambanta Nijar da Najeriya. Wanda ya san sunan kuwa, rairayi da yunwa da ƴan bindiga kawai yake hange. Tawayen 2007 a arewa da sace ma'aikata a Arlit a 2010 sun sa baƙi sun ɗauke ƙafa, aka shafa wa ƙasar baƙin fenti baki ɗaya. Wa ya ji a jikinsa? Maƙerin azurfa na Agadas, da dukawan Damagaram, da direba, da mai tuwo a tasha.

Ba haka kowane baƙo yake ba. A ƙarshen 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka nan Gure, gidan sarautar Muniyo, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya koyi Hausa da Barbarci, ya zauna da mutane, ya tambaya, sannan ya rubuta. Shi ya sa har yau masana tarihi ke buɗe littafinsa.

Amma fa laifi tudu ne. Mu ma muna da namu. Da mun ga farar fata sai mu ce kuɗi sun zo, kayan jika ɗaya mu ce jika uku. Baƙon nan zai tambaya a gaba, zai gane, ya koma gida ya ce mutanen garin nan macuta ne. Ribar yini guda ta jawo wa gari baƙin suna na shekaru. Haka samarinmu ke ɗauka cewa a Turai kuɗi a titi ake tsinta, har su sayar da raƙumi da gona su kama hanyar Libiya.

Mafi kusa da mu shi ne abin da ke faruwa a cikin rumfunanmu. Kasuwar Gure da ta Gidigir suna haɗa Barebari da Tubawa da Fulani da Buzaye da Hausawa. Wannan ya kawo kanwa, wancan dabino, waccan nono, wani bisashe. Sau nawa muke jin an ce ƙabila kaza ba a ba su bashi, ƙabila kaza ba su san kuɗi ba, a ƙara masu? Iyayenmu sun bar mana maganin wannan, wato wasan barkwanci, irin na Bafulatani da Babarbare, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014. Wasa ake yi a yi dariya a rabu lafiya. Amma ranar da maganar wasa ta shiga cikin mudu da sikeli, ta tashi daga wasa ta zama zalunci.

Don haka muna kira ga ƴan kasuwa maza da mata, da sarakunan kasuwa da dillalai: a auna mutum da halinsa, ba da garinsu ba. Farashi ɗaya, mudu ɗaya, ga na gida da baƙo. Wanda ya ci amana a kira shi da sunansa, a bar danginsa. Ba mu da ikon gyara abin da ake faɗa a kanmu a Paris ko Washinton, amma abin da baƙo zai ɗauka daga rumfarmu yana hannunmu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.