Land Rover da Darasin Dacewa da Muhalli

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka kada mai karatu ya yi mamaki don ya ga malamin ilmin halittu ya ɗauki alƙalami zai yi magana a kan mota, kuma ya dube ta da irin idon da yake duban raƙumi ko saniya. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin motar nan Land Rover, wadda Hausawa suke kira Landiroba, a ga abin da ya ɗaukaka ta a ƙasashe irin namu da kuma abin da ya sa ta ja baya. Ra'ayina shi ne, darajar motar daji tana ga dacewarta da wurin da za ta yi aiki, kuma makanike da kasuwar kayan gyara suna cikin wannan wuri kamar yadda yashi da taɓo suke cikinsa. Batun ya shafe mu ƙwarai, domin kuwa mai binciken tsuntsaye a fadamun Haɗejiya da Nguru, da malamin dabbobi mai bin rugage, da ma'aikacin rigakafi, duk aikinsu yakan tsaya ne a daidai inda motarsu ta tsaya.

Asalinta

Land Rover 'yar rashi ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ƙasar Ingila ta shiga ƙarancin baƙin ƙarfe, har gwamnati ta riƙa raba shi ga kamfanoni gwargwadon kayan da kowanne ke sayarwa a ƙasashen waje. Kamfanin Rover kuwa motocin 'yan birni ya saba ƙerawa, waɗanda ba su da kasuwa sosai a waje. Babban injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Angilsi na yankin Wales, inda yake aiki da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka. Shi da wansa Spencer Wilks, wanda ke shugabancin kamfanin, suka yanke shawarar ƙera wa manoma mota irin wannan. A 1947 aka haɗa ta gwaji a kan shasin jif, da sitiyari a tsakiya kamar na tarakta. Ranar 30 ga Afrilu, 1948 aka nuna ta ga duniya a bikin baje kolin motoci na birnin Amsterdam, da inji mai lita 1.6, kuma farashinta fam 450.

Kusan kowace siffa tata daga wannan rashi ta samo asali. An yi bodinta da alminiyam saboda ya fi baƙin ƙarfe samuwa. An yi bodin shafe-shafe, babu lanƙwasa, saboda babu kuɗin sayen manyan injunan matse ƙarfe. Shasin kuma falle-fallen ƙarfe huɗu ne aka yi wa walda suka zama kamar dogon akwati. An kuma fitar mata da wani shaf wanda manomi zai iya haɗawa da injin sussuka ko na yankan katako. Kamfanin ya ɗauke ta a matsayin abin rage zafi kafin al'amura su daidaita, amma cikin 'yan shekaru cinikinta ya wuce na sauran motocinsa. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, kuma a 1976 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

A ilmin halittu mun san irin wannan. Sau da yawa wata siffa takan bayyana a jikin halitta saboda wani dalili, daga baya ta yi amfani a wani wuri dabam. Alal misali, gashin tsuntsu ya fara bayyana ne a jikin dabbobin da ba sa tashi sama, kafin ya zama abin tashi. Haka bodin da rashi ya tilasta wa Ingila ya zo ya dace da Afirka, domin ba ya tsatsa, kuma kowane mai gyaran bodi zai iya miƙe shi da guduma. Shi ya sa dattawanmu suka san ta tun zamanin En'e a hannun Di'o, da 'yan sanda, da malaman daji, da likitocin dabbobi.

Yadda Take Bi Inda Hanya ta Ƙare

Abubuwa uku ne sirrin kowace motar daji, kuma dukkansu kimiyya ce mai sauƙi. Na farko shi ne raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu. Motar gida tana turawa ne da tayoyi biyu, idan suka faɗa taɓo sai ta kafe. A tsofaffin Land Rover akwai wani ɗan sanda mai rawayan kai kusa da giya, wanda idan direba ya danna shi tayoyin gaba ma sai su karɓi aiki. Amma ba a son tafiya haka a kan kwalta, saboda a wajen kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, kuma da yake an ɗaure su tare, sai ƙarafan cikin su riƙa murɗuwa. A kan ƙasa mai laushi taya takan ɗan sulɓe ta sauke wannan murɗuwa. Daga 1983 aka ɗauko tsarin Range Rover, wadda ta fito a 1970, inda tayoyi huɗun ke aiki kullum, da wata na'ura a tsakiya mai daidaita gudun gaba da na baya.

Na biyu shi ne ƙaramar giya, wato sanda mai jan kai. Ita tana rage gudu fiye da ninki biyu, ta ƙara ƙarfin juya taya daidai gwargwadon haka. Da wannan ne inji mai lita biyu da kwata, wanda ƙarfinsa bai kai na yawancin ƙananan motocin yau ba, yake iya hawan tsaunin Mambila da kaya a bayansa.

Na uku shi ne yadda nauyi ke sauka a ƙasa. Raƙumi ba ya nutsewa a rairayi saboda tafin ƙafarsa yana bajewa idan ya taka, sai nauyinsa ya rarrabu a fili mai faɗi. Direban da ya rage iskar tayoyinsa kafin ya shiga yashin kogi, dabarar raƙumi ya ara, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da Masu Ita Suka Sani

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma duk wanda ya riƙe tsohuwar Land Rover ya san tana da halinta. Ba ta da gudu, sitiyarinta yana da nauyi, sifirinta mai faranti yana jijjiga fasinja a kan gargada, tana shan mai, kuma sanannen abu ne a wurin masu ita ko'ina a duniya cewa takan ɗiga baƙin mai a inda ta kwana. Shaf ɗin tayoyin baya ma yakan karye idan an matsa mata da kaya. Har ila yau, ko da yake bodin ba ya tsatsa, shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba baƙin ƙarfe ne, su kam suna yi. Bugu da ƙari, duk inda alminiyam ya taɓa baƙin ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, sai wurin ya zama tamkar ɗan ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Wannan ne ya sa motar da ta zauna a busasshen yanayin Arewa ko Nijar takan fi ta bakin teku daɗewa.

To, me ya sa mutane suka riƙe ta duk da haka? Dalili shi ne, kusan duk abin da zai lalace a jikinta ido yana ganinsa, hannu yana kai gare shi. Da sifana, da sukuddireba, da filaya, da waya, makaniken ƙauye zai wanke kabireta, ya gyara fulogi, ya toshe lagireto. Idan shaf ɗin baya ya karye, direba zai danna sandan nan mai rawayan kai ya lallaɓa da tayoyin gaba har gari. Yawancin sassanta da noti aka ɗaure su, kuma kayan samfuri ɗaya sukan shiga wani, saboda haka mota ɗaya da ta mutu takan rayar da uku. A harshen ilmin halittu, akwai halittar da ke da wuyar kamuwa da ciwo, akwai kuma wadda ke kamuwa amma ta warke da sauri. Land Rover tana cikin kashi na biyu.

Zuwan Abokiyar Gasa

A 1934 wani masanin halittu ɗan Rasha mai suna Gause ya haɗa nau'i biyu na ƙananan halittun ruwa da ake kira Paramecium a mazubi ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya. Ko da yake kowanne yana rayuwa lafiya idan shi kaɗai ne, da aka haɗa su sai ɗaya ya rinjayi ɗayan har ya ƙare. Daga nan aka sami ƙa'idar cewa halittu biyu masu buƙata iri ɗaya ba sa dawwama tare a gurbi ɗaya.

Abin da ya sami Land Rover ke nan. Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera tasa motar dajin a 1951, ya sa mata suna Land Cruiser a 1954, kuma samfurinta na 1960 ya zo da inji mai silinda shida wanda ya fi ƙarfi. A daidai wannan lokaci Rover ya shiga cikin kamfanin Leyland a 1967, wanda ya zama British Leyland a 1968. Yajin aiki da ƙarancin jari suka dabaibaye shi, har gwamnatin Ingila ta karɓe shi a 1975. Motar ta daɗe ba ta sami wani babban canji ba, alhali Toyota tana shimfiɗa dillalai da rumbunan kayan gyara, kuma motarta ba ta yawan neman makanike. Wato ta zo da sauƙin gyara irin na Land Rover, ta ƙara da ƙarancin lalacewa. Sannu a hankali Land Cruiser da Hilux suka mamaye gurbin, tun daga ma'aikatun gwamnati har ƙungiyoyin agaji da masu ratsa Sahara daga Agadas.

Halittar da aka rinjaya, ko ta ƙare ko ta sauya gurbi. Land Rover ta zaɓi na biyu, ta koma wajen masu hannu da shuni. Kamfanin BMW na Jamus ya saye ta a 1994, Ford na Amurka a 2000, sai Tata na Indiya a 2008. Tsohon samfurin, wanda aka sa wa suna Defender a 1990, an daina ƙera shi ranar 29 ga Janairu, 2016 a masana'antar Solihull, bayan an yi fiye da miliyan biyu tun daga 1948. Sabuwar Defender da aka nuna a 2019, a ƙasar Sulobakiya ake ƙera ta, kuma kwamfuta ce ke sarrafa injinta da birkinta da giyarta.

Sabuwa ko Tsohuwa?

Adalci ya wajaba a nan. Sabbin motoci sun fi kare ran fasinja idan an yi haɗari, sun fi birki, hayaƙinsu ya fi tsabta, kuma a cikin yashi da taɓo suna yin abin da tsofaffin ba za su iya ba. Malamin halittu ba zai yi wa hayaƙin tsohon inji kirari ba, kuma ba na kiran kowa ya koma 1958.

Abin da nake cewa shi ne, muhallin da aka ƙera su dominsa dabam yake da namu. Injin dizal na zamani yana fesa mai ne da matsi mai tsananin ƙarfi ta ramukan nozul masu siririn gaske, saboda haka ɗan ruwa ko ƙura a cikin man da aka saya wurin 'yan bumburutu ya isa ya kashe shi. Idan kuma wata na'ura mai auna zafi ko iska ta rikice a tsakiyar Gashaka, babu sifanar da za ta gano ta, sai an kawo kwamfutar bincike daga birni. Mun ga irin wannan a kiwo. Saniyar Turai mai suna Friesian ta fi Bunaji madara nesa ba kusa ba, amma zafi da kaska sukan kayar da ita a inda Bunaji ke kiwonta lafiya. Shi ya sa masana a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, suka bi hanyar barbara tsakanin su biyun, domin a sami madara ba tare da an rasa juriya ba.

Kammalawa

Duk wanda ya zaga bayan ofisoshi a garuruwanmu zai ga gawarwakin motocin daji a jere bisa duwatsu, wasu ba su yi shekara biyar ba, abin da ya kwantar da su kuwa bai fi tafin hannu girma ba. Kowace ɗaya daga cikinsu bincike ne da ba a yi ba, ko ƙauyen da rigakafi bai kai ba. Don haka ina ba jami'o'i da ma'aikatu shawara, kafin su sa hannu a takardar sayen mota su nemi amsar tambayoyi uku: wane ne zai gyara ta a garin da za ta yi aiki, kwana nawa kayan gyaranta za su yi kafin su iso, kuma wane irin mai za ta sha a can? Ya kamata a sa kuɗin gyara cikin kasafi tun ranar saye, a kuma wajabta wa dillali ya kawo kwamfutar bincike ya koya wa makanikai aiki da ita. Kwalejojin fasaha su ma su buɗe wa makanikan gareji ƙofa su koyi lantarkin mota, domin idan ba za mu iya sauya motar ba, muna iya gyara muhallin da za ta zauna. Sassan injiniya na jami'o'inmu kuma su tuna cewa 'yan'uwan nan biyu da rashi suka fara, kuma rashin ne ya koya musu ƙera abin da manomi zai iya riƙewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah Ya sa mu dace.