Wa Ya Juya Dutsen? Wasan Ɓoye Akwati da Gidajen Macizai

A daren 1 ga Mayu 2000 gwamnatin Amurka ta daina dusashe saƙon taurarin GPS, abin da ta daɗe tana yi da gangan don kada farar hula su samu daidaito irin na soja. Kafin wannan dare, na'urar da ke hannun matafiyi takan yi kuskuren da ya kai mita 100. Da gari ya waye, kuskuren ya sauko zuwa tsakanin mita 10 da 20. Ranar 3 ga wata wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya zuba littafi da abin rubutu da 'yan tarkace a cikin baƙin bokitin roba, ya ɓoye shi a jeji kusa da Beavercreek ta jihar Oregon, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet, ya ce mai iya nemowa ya nemo.

Daga nan aka samu wasan da ake kira jiyokashin. Wani ya ɓoye akwati, ya saka lambobin taswirar wurin a shafin Geocaching.com, wasu su bi wayarsu har su gano shi, su sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar da shi inda suka same shi. A yau akwatunan da ke ɓoye sun haura miliyan 3, a ƙasashe sama da 190.

Sai dai dazuzzukan da 'yan akwati suka shiga suna da tsofaffin baƙi. A Amurka da Turai da Ostireliya akwai masu fita jeji neman macizai da ƙadangaru da kunkuru da kwaɗi. Mafi yawansu kallo da ɗaukar hoto ke kai su, wasu kamu suke yi da lasisi, wasu kuma ɓarayi ne da ke kai wa kasuwar dabbobin ado. Da yawa daga cikinsu suna zargin 'yan akwati da lalata wuraren da suka shekara suna tattali. 'Yan akwati kuma suna cewa ɗan gwangwani a kogon itace bai kai ɓarnar mai ɗaga duwatsu da ƙugiya ba.

Gaskiyar magana ita ce wasan yana cutarwa, amma a wurare ƙalilan masu siffa sananniya, kuma cutarwarsa ta fi kowace sauƙin magani. Wanda ke riƙe da rabin maganin kuwa shi ne mai ƙorafin.

Abin da ke ƙarƙashin dutse

Maciji da ƙadangare ba sa samar da ɗumin jikinsu kamar yadda tsuntsu ko akuya ke yi. Daga waje suke aro. Kwaɗo da ɗan'uwansa salamanda, mai siffar ƙadangare da laushin fatar kwaɗo, suna shan ruwa da wani kaso na iska ta fatarsu, don haka bushewa mutuwa ce gare su. Faifan dutsen da ya shekara ɗari a zaune ya riga ya manne da ƙasa ko da falalen da ke ƙarƙashinsa. Tsagar da ke tsakani tana riƙe da laima da ɗumi daidai gwargwado, ta kuma yi wa maƙiyi ƙunci. Idan aka ɗaga dutsen aka ajiye shi a karkace, ko da da faɗin yatsu biyu ne, iska ta shiga, laima ta tafi, ɗakin ya tashi daga aiki.

An auna wannan a Ostireliya. A tsaunukan da ke kewaye da birnin Sidni akwai wani maciji mai faffaɗan kai da ke cikin haɗarin ƙarewa, wanda ke kwana a ƙarƙashin siraran duwatsu lokacin sanyi. A wani bincike da David Pike da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, sun nuna cewa dabbobi masu jan ciki suna guje wa duwatsun da mutane suka gusar ba su mayar daidai ba, kuma idan aka sake zaunar da dutsen a gurbinsa na asali sai su dawo. Babu wanda ya sace waɗannan duwatsu ko ya fasa su. Gusarwa kaɗai ta isa.

Haka abin yake a cikin ruwa. A ƙoramun gabashin Amurka akwai wani ƙaton salamanda da kan kai santimita 60 ko fiye, wanda namijinsa ke gadin ƙwai a ƙarƙashin faffaɗan dutse. Hukumar gandun Great Smoky Mountains ta sha roƙon masu yawon buɗe ido su daina ɗaga duwatsun rafi suna jera su don ado, saboda dutse ɗaya na iya zama rufin ɗaruruwan ƙwai.

Mita goma na ƙarshe

Ɓarnar jiyokashin tana faruwa ne a ƙarshen tafiya. Na'ura tana kai mai nema kusa da akwati, amma ba ta ɗora hannunsa a kai. Idan kuskurenta mita 10 ne ta kowace fuska, to ta bar shi a tsakiyar fili mai faɗin murabba'in mita 314, kuma a ƙarƙashin itatuwa ko a gindin tsauni kuskuren yakan ƙaru. Daga nan sai lalube: a ɗaga wannan dutse, a mirgina wancan kututture, a ɓare ɓawon itace, a zura sanda a rami. Duk maɓoyar da ta dace da akwati ta dace da maciji, domin dukansu busasshen lungu suke so wanda ido ba ya kaiwa.

Mutum ɗaya ba zai yi wata ɓarna ta a zo a gani ba. Matsalar maimaici ce. A ɗauka akwati yana samun baƙi biyu kacal a mako. A shekara sun haura ɗari, kowannensu yana lalube a cikin da'ira guda, yana juya duwatsun da na gabansa ya juya. Mai yawo na yau da kullum yana wucewa ta kan hanya. Mai neman akwati yana sauka daga hanya zuwa wuri ɗaya tilo, shekara da shekaru. Su kansu 'yan wasan sun san siririyar turbar da ƙafafu ke fitarwa zuwa maɓoya, har sukan bi ta idan na'ura ta rikice.

Zaɓen wuri yana ƙara tsananta abin. Mai ɓoye akwati yana son ya kai mutane inda za su yi sha'awa: falalen dutse a saman tsauni, buɗaɗɗe, mai kallon kwari. A arewa maso gabashin Amurka irin wannan falale, musamman mai fuskantar kudu, shi ne inda matan macijin nan mai ƙararrawa a wutsiya na cikin dazuzzuka ke taruwa su sha rana lokacin da suke ɗauke da ciki. A can arewa macen takan yi shekara 9 ko 10 kafin haihuwar fari, sannan ta huta shekara uku ko fiye kafin ta biyu. Jinsin da ke hayayyafa a hankali haka ba ya jure asarar mata kaɗan. Baƙon da ya firgita ya ɗauki sanda, ko wanda ya rubuta a shafin akwatin cewa ya ga macizai biyar a wurin har ya haɗa da hoto, ya yi wa garken illar da ba ta gyaruwa cikin shekara goma. Na biyun ma ya fi muni, domin ya miƙa wa ɓarawo adireshi.

Ga kuma laka. Wata ƙwayar cuta dangin fumfuna da ke cin fatar kwaɗi ta jawo raguwar jinsi 501 a duniya, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare, kamar yadda wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 ya ƙiyasta. 'Yar'uwarta da aka gano a Holan a 2013 ta kusa share salamandan wuta daga ƙasar. Jiƙaƙƙiyar laka a tafin takalmi na iya ɗaukar su daga tafki zuwa tafki, kuma mai son ya gano akwati goma a yini yana taka wurare da yawa.

Laifi tudu ne

Masu neman macizai suna da gaskiya a ƙorafinsu, amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ɗan akwati yana juya dutse cikin rashin sani. Mai neman maciji ya san dutsen da ya fi kyau, shi yake nufa, a watan da dabbar ta fi buƙatarsa. Ɓarna mafi girma da aka rubuta a wannan fage daga wajensu ta fito. A jihar Arizona masu kamu sun riƙa ɓamɓare tsagogin duwatsu da dogayen ƙarafa, binciken Matt Goode da abokansa ya nuna ƙadangaru sun ragu a inda aka yi hakan, kuma dokar jihar ta haramta amfani da jak ko ƙarfen ɓamɓara wajen kama waɗannan dabbobi. A garin Sweetwater na Texas, tun 1958 ake bikin tara macizai kowane watan Maris, kuma hanyar da ta yi ƙaurin suna wajen fito da su ita ce fesa fetur a cikin ramuka, wanda ke iya kashe sauran masu rai da suka raɓa da su. Wata tsakar kogo da aka bayyana wa duniyar ilimi daga kudancin Sin a 1999 ta bayyana a kasuwannin dabbobin ado ba da jimawa ba, har ta yi wuyar gani a wurin da aka fara samun ta.

Ba adalci ba ne a haɗa mai kyamara da mai buhu a ma'auni ɗaya. Amma ko mai kyamara yana taɓa dabba, yana tsare ta har hoto ya yi kyau, yana shiga tafki da takalmin da ya shiga wani tafkin jiya. Nagartattu daga cikinsu sun san ƙa'ida: a ɗaga dutse, a janye dabbar gefe, a mayar da dutsen daidai gurbinsa, a bar ta ta koma da kanta, a wanke takalmi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ilimi ne da yawancin 'yan akwati ba su taɓa ji ba, kuma babu mai koya musu shi sai wanda ke zaginsu.

Hani ko tsari

Akwai wuraren da hani ya dace da su. Hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ba ta yarda a ajiye akwati ba sai da izinin shugaban gandu, kuma an hana ajiye shi a mafakun namun daji na tarayya. Amma shimfiɗa hani a kan kowane daji asara ce, saboda jiyokashin ya fi kusan kowane amfani da jeji sauƙin tsarawa. Kowane akwati yana da mai shi, yana da lambobi, yana da tarihin waɗanda suka ziyarce shi, kuma sai wani mai tantancewa ya amince kafin a wallafa shi. Dokokin shafin sun riga sun hana haƙa rami, sun wajabta neman izinin mai ƙasa, sun sa tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. Saƙo ɗaya daga jami'in gandu ya isa a cire akwati daga taswira. Ba a iya yi wa ɓarawon maciji haka. Ban da wannan, 'yan wasan suna da al'adar kwashe shara tun 2002, kuma tun 2004 akwai nau'in da babu akwati a cikinsa sam, sai dai a je wuri a amsa tambaya kan duwatsunsa. Dajin da ba shi da masoya ba ya samun masu kare shi ranar da aka zo yanka shi filaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne sirri. Mai tantancewa yana zaune gaban kwamfuta, bai san ramin da macizai ke barcin hunturu ba. Wanda ya sani ba zai faɗa ba, domin ɓoye wuri shi ne babbar kariyar da ta rage wa dabbar. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi shiru a dasa akwati a bakin ramin, in ya yi magana ɓarawo ya ji.

Mafita ita ce a samu amintacce a tsakani, wato hukumar da ke kula da ƙasar. Masu neman macizai su kai mata abin da suka sani, ita kuma ta amsa wa mai son ajiye akwati da "e" ko "matsa gaba" ba tare da bayyana dalili ba. Jihar Pennsylvania ta bi wannan hanya a gandayenta: sai an nemi izini, a duba wurin a kundin jinsunan da ke cikin haɗari, kuma izinin na shekara uku ne, bayan haka a ɗauke akwatin ƙasa ta huta. Shafin iNaturalist ma yana dusashe lambobin wurin da aka ga dabba mai rauni, ya nuna yanki mai faɗi maimakon ɗigo.

Lokaci ma abin tsarawa ne. A dajin Shawnee na jihar Illinois akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4 tsakanin tsauni da fadama, wadda ake rufe wa motoci daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Mayu, da kuma daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Oktoba, don macizai da kwaɗi su ƙetare. Masu tafiya a ƙafa suna shiga su kalla, amma ba ƙugiya, ba buhu. Akwatin da ke kusa da tafkin da kwaɗi ke ƙwai ana iya dakatar da shi na watanni biyu ta wannan salo, da danna maɓalli ɗaya.

Sauran aikin na mai ɓoye akwati ne, kuma ba shi da tsada. Ya ajiye shi a gefen hanya, ya rataye shi a reshe ko a jikin turken alama, ya guji tarin duwatsu da ruɓaɓɓen kututture da bakin ruwa. Ya rubuta a shafin, ƙarara, cewa babu buƙatar ɗaga komai. Wannan jimla guda tana iya rage lalube fiye da duk wata doka, domin mai nema ba ya juya dutse sai don yana zaton abin da yake nema yana ƙarƙashinsa.