Katifar Tsiro, Katifar Soso da Audugar Rimi

Sharhinmu na yau a kan katifa ne.

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, riɗi da gyaɗa sun zama kuɗi, sai kakar aure ta kama a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Duk wanda ya tsaya bakin titin da ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil zai ga shaida: a-kori-kura maƙare da gado da kujeru, can sama kuma katifa cikin ledarta an tamke da igiya. Uban amarya a Sara ko Basirka ko Sundimina yana iya rage kwanuka, yana iya haƙura da kujeru, amma ba ya kai 'yarsa ɗaki babu katifa. Abin da yake tambayar mai shago shi ne inci nawa ce, ta wane kamfani ce, nawa ne kuɗinta. Da me aka yi ta, wannan ba kasafai ake tambaya ba.

To ga shi yanzu kamfanonin Turai da Amurka sun fito da wata katifa da suke cewa da tsiro aka yi sosonta, ba da man fetur ba. Tallarta na yawo a wayoyin matasa, da hoton ganye kore shar da jariri yana barci. Abin da ya yi kasuwa a can kuwa ba ya daɗewa bai iso Legas da Kano ba, daga Kano zuwa Birnin Kudu kuma tafiyar hantsi ce. Gara a san ta tun kafin ta sauka a shago.

Sosan katifa, wanda masana ke kira foliyuritan, wani Bajamushe ne mai suna Otto Bayer ya gano haɗinsa a 1937. Ruwan sinadari biyu ake gamawa. Na farko sunansa foliyol, na biyu aisosayanet, dukansu kuma daga ɗanyen mai ake tace su. Idan aka zuba su wuri guda da ɗan ruwa sai haɗin ya kumbura kamar ƙullin waina da ya kwana, ya daskare, a yanka shi gwargwadon incin da ake so. A nan gida kamfanin Vitafoam ya kafu a 1962. Mouka kuwa tushensa Kano ne, inda iyalan Moukarim suka buɗe masana'antar kayan ƙarfe da katako a 1959 kafin su shiga harkar soso a Legas.

Abin da masu katifar tsiro suka yi shi ne sun cire wani ɓangare na sinadarin farko, suka maye gurbinsa da wanda aka samo daga man waken suya ko man zurma. Kamfanin motoci na Ford ya fara sa irin wannan soso a kujerun motarsa Mustang ta 2008. Sai dai a lura da lissafin. Foliyol kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyin soso, kuma ba a iya musanya shi duka da man tsiro, domin sosan zai rasa taushinsa da juriyarsa. Idan aka musanya kashi 20 cikin ɗari na foliyol ɗin, abin da ya fito daga gona bai kai kashi 15 na sosan baki ɗaya ba. Ragowar duk man fetur ne. Aisosayanet kuwa, wanda shi ne mafi haɗari ga ma'aikatan masana'anta domin yana cikin manyan abubuwan da ke jawo musu asma, yana nan daram ba a taɓa shi ba.

Ba a raina ragin da aka samu. Duk gangar man da aka bari a ƙasa riba ce ga duniyar da ke ƙara zafi. Amma talla ta sha wuce gona da iri. A 2017 hukumar da ke sa ido kan cinikayya a Amurka ta tuhumi wani kamfanin katifar jarirai na jihar Illinois da yaudarar masu saye, saboda yana cewa sosonsa na tsiro ne alhali tsiron da ke ciki kaɗan ne ko ma babu. Idan haka ta faru a ƙasar da hukumomi ke bin diddigin talla, mai saye a kasuwar ƙauye yana da dalilin buɗe ido.

Ta fuskar lafiya, abin da ya fi shafar mutanen kudancin Jigawa shi ne zafi da wuta.

Kowa ya san warin sabuwar katifa idan aka yage ledarta. Wannan wari burbushin sinadarai ne ke tashi cikin iska. A 2019 masu bincike a jami'ar Technion ta Isra'ila suka gwada katifun soso, suka gano cewa ɗumin jikin mai barci kaɗai yana ƙara yawan abin da soso ke fitarwa. Yawancin abin da suka auna bai kai matakin tayar da hankali ga babba ba, amma sun nuna damuwa game da jarirai, waɗanda ke yini su kwana da hancinsu dab da katifa. A auna wannan da ɗakin amarya a Gwaram cikin watan Afrilu: rufin kwano, taga ɗaya da labule mai kauri, sabon fenti, sabuwar ledar ƙasa, turaren wuta, zafi ya kai maki 40. Sosan da aka gauraya da man waken suya ba ya tsira daga wannan, domin ƙirarsa ɗaya da ɗan'uwansa. Maganin kuwa mai arha ne. A cire ledar, a jingine katifar a inuwa inda iska ke kaɗawa na 'yan kwanaki kafin ranar jere. Mata da yawa suna barin ledar a jiki don kada katifa ta yi datti. Wannan yana tsare warin a ciki, yana ƙara gumi, kuma leda kusa da fuskar jariri haɗari ce a kanta.

Wuta ta fi wannan muni. Da hunturu ake shiga ɗaki da kaskon gawayi, ake kunna kyandir idan babu lantarki, ake ajiye maganin sauro na kunnawa a gindin gado. Soso idan ya kama, ci yake yi da gudu, yana narkewa yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ƙirin kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid, guba biyu da ke sumar da mutum kafin harshen wutar ya iso gare shi. A gobarar cikin ɗaki hayaƙi ne ya fi kisa, ba ƙuna ba. Nan ma tambarin ganye a jikin katifa ba ya canza komai.

Wannan hayaƙin ne kuma unguwa ke shaƙa duk lokacin da aka cinna wa tsohuwar katifa wuta a bola. Katifa a ƙasar nan tana da dogon rai, gaskiya ne. Idan ta lotse a ɗakin uwar gida sai ta koma ta yara, daga nan a yayyanka ta a yi matasai, masu gyaran kujerar babur su ɗauki rabonsu, 'yan guntaye su zama sosan wanke-wanke. Wannan tattali abin yabo ne. Amma ƙarshenta dai bola ce ko kwata, kuma soso ba ya ruɓewa ya zama taki, ko na fetur ko wanda aka ɗanɗana wa man tsiro. Marmashewa yake yi ya bi ƙasa, ya toshe magudanar ruwa, akuya ta haɗiye. Jihar da ta ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ta san abin da toshewar magudana ke jawowa, ta kuma san yawan katifun da ruwa ya jiƙa aka zubar.

Akwai soso na biyu wanda shi da gaske daga itace yake, wato na ƙaron itacen roba, wanda kamfanin Dunlop na Ingila ya fara bugawa ya zama soso a 1929. Ana noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba, har akwai cibiyar bincikenta a Iyanomo kusa da Benin. Katifarsa tana da juriya, amma tana da tsada da nauyi, wasu jikinsu ba ya shiri da ƙaron roba, kuma sau da yawa ana gauraya shi da na roba ta masana'anta a sayar da sunan na asali.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, katifar tsiro ta haƙiƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Dattawan Birnin Kudu da Gwaram sun kwana a kan tabarmar kaba da gadon kara, sun san katifar ciyawa da ake cusawa a buhu, sun kuma san ta masu hali, katifar audugar rimi. Idan rani ya yi nisa 'ya'yan rimi sukan bushe su tsage, auduga ta fito fara sol tana bin iska, yara da mata su tsince, a fitar da iri, a shanya, a kai wa maɗinki ya cusa ya ɗaɗɗaure. Inda babu rimi akan yi da ta gurjiya, matashin kai kuma har da ta tumfafiya. Zaren audugar rimi rami gare shi a ciki, jikinsa kuma da ɗan maiƙo, shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa. Da ita aka cusa rigunan ceton waɗanda suka faɗa teku a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin kayan masana'anta su ture ta. Ba a sare itacen don a samu audugarsa. Ba ya neman taki ko maganin feshi. Jemagu ne ke yi masa barbara da dare, ganyensa ana miya da shi, inuwarsa kuma kasuwa guda takan ci a ƙarƙashinta. Katifar idan ta kwanta sai a farke, a shanya audugar, a buge ta, a ƙara sabuwa. Ranar da ta ƙare kuwa, ƙasa ce ke cinye ta.

Tana da aibinta, kuma ɓoye shi ba adalci ba ne. Audugar rimi ma tana kama wuta da sauri ƙwarai. Idan ta tsufa takan marmashe ta zama ƙura mai tayar da asma da atishawa. Kuɗin cizo yana samun mafaka a ɗinkinta, kamar yadda yake samu a ta ciyawa. Taushinta bai dace da jariri ba, domin jariri wuri mai ɗan tauri kuma shimfiɗaɗɗe yake buƙata, a kwantar da shi rigingine. A asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda dole a goge gado da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin majinyaci da majinyaci, soso mai rigar da ruwa ba ya ratsawa shi ne daidai. Mutane ba wauta ce ta sa suka koma soso ba, sun ga sauƙinsa ne.

Amma wasu daga cikin waɗannan matsaloli ana magance su da tankaɗe audugar da kyau, da yadi mai kauri, da shanyawa a rana. A tsibirin Jawa na Indunusiya da ƙasar Tailan har yau rimi amfanin gona ne, ana fitar da audugarsa, kuma masu kuɗin Turai da ke gudun soso suna sayen matasai da katifun da aka cusa da ita. A nan kuwa rimin ne ke ƙarewa. Masu injin yanka sun gano cewa katakonsa, ko da yake ba shi da ƙarfi, yana shiga aikin gini, sai ga itacen da ya girmi kakan mai gona an kayar da shi cikin yini guda, babu wanda ya dasa madadinsa. Wannan asara ce mai ciwo, kuma ta fi kowace katifar talla kusa da mu.

Ko sosan zamanin ma, idan masana'antun Nijeriya za su shiga yin sa, akwai rabon manomin Jigawa a ciki. Zurma, wadda ke fitowa da kanta a bayan gida da kan juji, manta ya fi na waken suya dacewa da wannan aiki, domin Allah ya halicce shi da siffar da ake nema, ba sai an sarrafa shi da yawa ba. Tana jure ƙarancin ruwa, kuma ba abinci ba ce balle a ce an raba mutane da tuwonsu don a yi katifa. Waken suya kuwa faɗaɗa nomansa ya cinye dazuzzuka masu yawa a Barazil. Indiya ce ke noma fiye da kashi uku cikin huɗu na zurmar duniya, mafi yawa a jihar Gujarat mai fama da fari. Sai dai 'ya'yan zurma da tunkuzarta suna da guba mai kisa, don haka nomanta yana buƙatar malaman gona su tsaya a kai, kuma kada a tura manomi shuka ta sai an tabbatar da mai saye.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da ikon tilasta wa duk mai sayar da katifa da sunan tsiro ya rubuta a jikinta kashi nawa ne tsiron, kuma wane tsiro ne. Ya kamata ta yi hakan tun kasuwar ba ta cika ba. Hukumar kare muhalli ta Jigawa da ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna iya hana ƙona soso a cikin unguwa su ware wurin tara shi, tunda akwai masu niƙa tsohon soso su matse shi ya zama sabon abin shimfiɗa. Wuraren renon itatuwa na gwamnati kuma, waɗanda suka saba raba darbejiya da turare duk damina, su sa rimi a cikin abin da suke renowa, a ba hakimai da dagatai da makarantun kwana na Birnin Kudu da Gwaram su dasa a filayensu da bakin kasuwanni, a kuma sa sharaɗin cewa duk wanda aka ba izinin sare rimi ɗaya sai ya dasa wasu ya rene su har su fi ƙarfin akuya.