Shiga kaso ba shaida ba ce

Ɗan'uwa mai karatu, ka san abin da ke faruwa a garinku. Jandarma sun zo da mota sun tafi da mutum. Kafin ƙurar motar ta kwanta, an gama yi masa shari'a a gindin bishiya. Bayan wata shida ya dawo, alƙali ya ce ba shi da laifi. Me kuke cewa? "Ya sayi zuzu." Wani dattijo ya gyara zama ya ce ruwa ba ya tsami banza. Daga ranar ba mai ba shi rancen hatsi, ba mai ba ɗansa mata.

Wannan zalunci ne, kuma da bakinku kuke yin sa.

Jandarma ba ya yanke hukunci. Aikinsa ya kama, ya yi tambaya, ya rubuta, ya kai mutum gaban mai shigar da ƙara na gwamnati. In laifin babba ne, akwai alƙalin bincike da zai tona maganar. Sai bayan haka kotu ta zauna. Wanda ya yi zargi shi ne zai kawo shaida. Haka dokar Nijar take tun 1961, haka kuma malamanmu suka sani a shari'ar Musulunci. Ku kuwa kun juya abin: sai wanda aka kama ya kawo muku shaidar cewa bai yi ba.

Ka ji labarin Hadizatu Mani, ƴar yankin Ƙwanni. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita ga wani mai hali a kan jika 240. Ya riƙe ta wahaya, tana aikin gida da na gona, ta haifa masa ƴaƴa. A 2003 Nijar ta yi doka mai hukunta bauta. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba ta zuwa ko'ina, wai matarsa ce. Ta tafi, ta auri wanda take so. Ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A 2007 kotun Ƙwanni ta yanke mata wata shida, ta yi kamar wata biyu a kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa a sake ta.

Da a garinku take, me za ku kira ta? Ƴar kaso. To, ƙungiyar Timidria ta tsaya mata. Kotun CEDEAO ta zauna a Yamai, lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar. Ran 27 ga Oktoba 2008 ta ce bauta aka yi wa Hadizatu, kuma ƙasa ba ta kare ta ba. Ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2019 babbar kotu ta Nijar ta ce wancan zaman ba aure ba ne tun farko. Ina ruwan da ya yi tsami a nan?

Haka Musa Kaka, ɗan jaridar Radiyo Sarauniya da RFI. An kama shi a Satumba 2007 bisa zargin hulɗa da ƴan tawayen arewa. Ya fi shekara a tsare a Yamai. A Yuli 2008 alƙalin bincike ya ce babu abin da za a gurfanar da shi a kai, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, sai a Oktoba aka buɗe masa ƙofa. Duk zaman nan ba kotun da ta ce ya yi laifi.

A wasu ƙasashe talakawa irinka ake zaunarwa su ce mutum ya yi ko bai yi ba. A Ingila mutum 12 ne. A 1670, a Landan, aka gurfanar da wani mai suna Wiliyam Pen don ya yi wa'azi a kan hanya. Alƙalai suna so a kama shi da laifi. Mutanen 12 suka ƙi. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka ƙi. Aka ci su tara. Ɗayansu, Bushel, ya ƙi biya, ya zauna kaso, har babbar kotu ta ce ba a hukunta irinsu saboda abin da suka yanke. Nijar ma ta gaji irin wannan daga Faransa: a kotun manyan laifuffuka an riƙa zaunar da mutanen gari kusa da alƙalai. Amma su sai sun ji shaidu, sun ji wanda ake zargi, sun ji lauyansa, sannan su buɗe baki. Kai a gindin bishiya wa ka ji? Matar maƙwabcinka, ita ma a rijiya ta ji.

Za ka ce ai akwai alƙalai masu cin hanci. Akwai, ba mai musun wannan. Akwai mai laifin da ya kuɓuta don shaidu sun ji tsoro, kuma sau da yawa shaidun nan ku ne: ranar kotu kowa ya ce yana da aikin gona. In kai aka cuta kuma hukuncin bai gamshe ka ba, doka ta ba ka hanyar ɗaukaka ƙara, sai dai kwanakinta kaɗan ne, kada ka tsaya jiran kaka. In ba ka da kuɗin lauya, tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa hali a gaban shari'a. Tambayi magatakardan kotu.

Wanda aka sallama kuwa, ya nemi takardar hukuncinsa a wurin magatakarda. Ya kawo ta ƙofar mai gari ranar da jama'a suka taru, a sami wanda ya iya Faransanci ya karanta ta da ƙarfi, ya fassara, har na bayan taro ya ji.