Ɗalibi Da Addininsa

Tun ran da ilmin zamani ya shigo ƙasar nan, tambaya guda ce ta ke damun iyaye, watau in yaro ya shiga makaranta, zai fito da addininsa kuwa? Wannan tsoro shi ya sa mutane suka yi ɗari-ɗari sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Har yau kuwa akwai ƙauyukan da uba ya gwammace ɗansa ya zauna gida da jahilci, da a ce ya tafi ya dawo ba ya salla.

Mu a ganinmu tarihi ya riga ya ba da amsa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921, ta koma Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949, ita ce ta yaye Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Makarantar Shari'a ta Kano kuma, da aka buɗe cikin 1934, ita ce ta horar da Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa cikin 1962. Duk waɗannan sun zauna kan benci, sun riƙe alƙalamin ƙarfe, kuma babu wanda allon bango ya raba da alƙibla. Ashe laifin ba na makaranta ba ne. Abin dubawa shi ne yadda ɗalibi ke tafiyad da yininsa, daga asuba har ya kwanta.

Farkon abu ita ce salla cikin lokacinta. Raka'a 17 ce farilla a yini da dare, in an haɗa su duka da alwala da kyar su cinye sa'a guda cikin 24. Amma ga inda gizo ke saƙar: Azahar ta kan riski yaro yana cikin aji, La'asar yana filin ƙwallo, Asuba kuwa barci ya yi masa nauyi don ya raba dare yana bitar darasi. Yau ya jinkirta, gobe ya haɗa biyu, jibi ya ce sai ya rama. Da haka a ke sakin igiya, sannu sannu, ba da niyya ba. Wanda ya ɗaura sauran ayyukansa a jikin lokutan salla, shi ne ya kama bakin zaren.

Na biyu, gaskiya a ɗakin jarrabawa. Ba mu ga amfanin yaro ya fito daga masallaci, goshinsa da ƙasa, sa'an nan ya shiga ya leƙa takardar maƙwabcinsa ba. Satar amsa sata ce, kuma shaidar zur ce, domin takardar da za a ba shi tana shaida ilmin da ba shi da shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba cin jarrabawa da ha'inci, ran da aka damƙa masa littafin kuɗin jama'a ba zai ji nauyin canza sifiri ba.

Na uku, kada karatun addini ya tsaya ran da aka shiga sakandare. Sau da yawa sai ka ga saurayi ya san kogunan Turai da sunayensu, amma in ya yi rafkanuwa cikin salla bai san ƙabli da ba'adi ba. Shafi guda na Alƙur'ani bayan Asuba, da babi guda na Ahalari ko Ishmawi a gaban malami kowane mako, ba za su rage masa komai a lissafi ba. 'Yan mata ma haka, don Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta riga ta nuna mana ilmin mace ba baƙon abu ba ne.

To, malaman makaranta, nauyin nan rabinsa a wuyanku ya ke. Ku ne masu tsara jadawali. Ku bar rata don Azahar, ku tanadi ruwa da wuri mai tsabta, ku sallami yara da wuri ran Jumma'a. Azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, sabo da haka tilas wata rana ya faɗo kan jarrabawa; ku duba wannan tun da nisa. Fiye da duka, yara su gan ku cikin sahu. Malamin da ke zaune yana shan shayi an yi kiran salla, ya rushe darasin addini na mako guda. Ku kuma akawuna da sauran ma'aikatan hukuma, 'ya'yanku da ƙannenku ku su ke kallo, su ga ko mai albashi yana tsare salla da amana.

In muka yi haka, uban da ke tsoron makaranta zai kawo ɗansa da hannunsa, don ya ga na maƙwabcinsa ya dawo hutu ya fi da ladabi da ibada. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin.