Fentin Rufi Mai Rage Zafi: Kasuwar Da Ke Jiran Potiskum

Duk mai shago a Potiskum ya san abin da watan Afrilu yake yi wa kwanon rufi. Zafi kan haura digiri 40, kwano ya ɗauki rana ya juye ta a kan kaya da masu ciniki. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kunna janareta domin fanka ya zama wani haraji na daban a kan riba.

Maganin da ya fi araha shi ne farin fenti a bayan kwano. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rungumi wannan dabara a 2017, kakanninmu kuwa sun daɗe suna shafe ɗaki da farar ƙasa. Matsalar ita ce hodar titaniyam, wadda ke ba fentin zamani haskensa, daga waje ake sayo ta da dala. Farar ƙasa da aka tace aka gasa tana iya maye gurbin wani kaso nata. Haka nan ƙasar dayatomait da ke Bularafa a Ƙaramar Hukumar Gulani, wadda ƙananan ƙofofi suka cika ta har ba ta da nauyi, masu haɗa fenti na amfani da irinta.

Sai dai a yi hattara da masu tallar da ke cewa fenti zai hana zafi shiga kamar katangar ƙasa. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba; aikinsa mayar da hasken rana ne, ba zai maye silin ba, kuma ƙurar hunturu na dusashe shi in ba a wanke ba. Wanda ya yi wa mai saye alƙawarin da ya wuce haka, kasuwarsa ba za ta ga bazara biyu ba.

A ganina, kuskure ne a maimaita abin da aka yi da jibsam ɗin yankin Fika, wato a loda shi ɗanye a tirela, ribar sarrafawa ta tafi wa wasu. Garin da ke da manyan motoci kamar Potiskum injin niƙa da tanderun gashi ya kamata ya nema. Attajiranmu su haɗa jari, su nemi shawarar Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987, su fara gwaji da rumfunan kasuwar hatsi, a auna zafin ciki kafin fenti da bayansa, kana a je neman hatimin Hukumar SON.